Ana Ta Kai, Wa Yake Ta Hannu?

Duk wanda ya taɓa zaman jinyar macen da aka yi wa aikin dajin mama, wataƙila ya ga wannan. Bayan an cire mata robar da ke tsotse ruwa daga wurin ɗinki, sai a tsayar da ita gaban bango, a ce ta ɗora yatsunta a kai, ta riƙa tafiya da su sama a hankali kamar gizo-gizo yana hawa. Inda zafi ya tsayar da ita, nan za ta tsaya. Gobe ta sake, jibi ta sake, har ranar da hannun zai miƙe sama da kanta. Wanda bai sani ba zai ɗauka wasan yara ne. Ita kuwa ta san da wannan wasan ne za ta koma ɗaura ɗankwalinta ba tare da ta kira kowa ba.

Wannan ɗan motsi yana da tarihi, kuma tarihin nasa a makare ya zo. Littattafan da ke ba da labarin yaƙi da dajin mama cike suke da sunayen likitocin fiɗa da shekarar da kowa ya fito da salon yankansa. Abin da ke samun mace bayan an sallame ta kuwa, wato kafaɗar da ta sage, da hannun da ya kumbura, da rigar da ta daina zama daidai a jiki, an daɗe ana ganin wannan matsalarta ce ita da gidanta. Yawancin waɗanda suka fara ɗaukar abin da muhimmanci ba su ne masu riƙe da wuƙar ba. A cikinsu akwai matar wani masanin haraji, da wasu miji da mata masu tausa, da 'yar jarida, da likitan 'yan wasanni.

Labarin ya faro ne daga William Halsted, likitan fiɗa ɗan Amurka wanda ya yi suna a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore. A shekarun 1880, lokacin da ya soma aikinsa, maganin sa barci da dabarun kashe ƙwayoyin cuta sun riga sun shigo, don haka likita na iya daɗewa yana aiki a jikin mutum ba tare da gaggawar da ta addabi na gabaninsa ba. Halsted ya yi imani cewa daji yana yaɗuwa ne sannu a hankali daga inda ya tsiro, kamar saiwar itace, ya ratsa tsoka, ya shiga kaluluwar hamata, daga nan ya wuce sauran jiki. In haka ne, magani shi ne a tono shi har saiwa. Sai ya riƙa cire maman gaba ɗaya, da tsokar ƙirji da ke ƙarƙashinsa, da duk kaluluwar hamata, a dunƙule guda. Fatar da ake yankewa takan yi yawan da sai an yanko wata daga cinya an rufe wurin.

A 1894 ya wallafa sakamakon aikinsa a kan mata 50. Uku kacal ne ciwon ya dawo musu a daidai wurin da aka yanka, alhali a manyan asibitocin Turai na lokacin yakan dawo wa fiye da rabi. Duniya ta yi na'am, kuma wannan aiki ya zama shi ne doka har kusan shekara tamanin. Halsted ya san abin da aikin yake yi wa hannu, bai kuma ɓoye ra'ayinsa ba. A ganinsa, naƙasa komai girmanta ƙaramin abu ce in aka auna ta da rai. Ana ta kai, wa yake ta kaya? Har nan mutum zai iya yi masa uzuri. Amma ya ƙara da cewa ai matan sun tsufa, matsakaicin shekarunsu ya kusa 55, sun daina taka wata rawar kirki a cikin al'umma. Shekara 55 fa! A gidajenmu wannan ce macen da take wa 'yarta wankan jego, ta goya jika, ta raba tuwo, a kawo mata ƙarar kowa.

Yana da kyau a tsaya nan a ga me ya sa hannun yake kumbura, domin sauran labarin duk a kansa ya rataya. Ban da jini, akwai wani ruwa garai-garai da yake tsattsafowa kullum daga ƙananan jijiyoyi zuwa cikin naman jiki. Wasu siraran magudanai ne ke kwashe shi, su bi da shi ta cikin kaluluwa inda ake tace shi, sannan ya koma cikin jini a gindin wuya. Kusan duk ruwan da ke fitowa daga hannu ta hamata yake bi. In an kwashe kaluluwar hamata, ko gashi ya ƙona magudanan, to an yi abin da mai gini yake yi in ya toshe kwatar unguwa ana gab da damina. Wata macen jikinta yakan samo wa ruwan wata hanya. Wata kuwa ruwan yakan taru, zobe ya fara matse yatsa, hannun riga ya ƙi shiga, hannun ya yi nauyi kamar ba nata ba. Wani lokaci bayan wata uku abin yake bayyana, wani lokaci bayan shekara goma. In aka bar shi, naman yakan taurare, fata ta yi kauri, kuma ƙwayoyin cuta suna son irin wannan wuri. Ɗan ƙwarzane kaɗan sai hannu ya yi ja, ya ɗau zafi, zazzaɓi ya rufe ta, kuma kowane irin wannan tashi yakan ƙara lalata magudanan da suka rage.

Mu dai mun san wannan kamanni tun kafin mu san tiyata, domin shi ne tundurmi. Bambancin kawai, a tundurmi tsutsar da sauro ke ɗaukowa ce take toshe magudanan, a nan kuwa wuƙa ce. Shi kansa Halsted, a takardar da ya rubuta a 1921, shekara guda kafin rasuwarsa, sunan da ya raɗa wa abin da Latin ke nan: tundurmin tiyata. Sai dai ya fi ɗora laifin a kan ƙwayoyin cutar da ke shiga ciwo, bai ɗora shi a kan girman yankan ba.

Magadansa ma ƙara faɗaɗa yankan suka yi. A shekarun 1950 akwai likitoci irin su Jerome Urban a Niyok da ke haɗawa da wani sashe na haƙarƙari da ƙashin ƙirji don su kai ga kaluluwar da ke ciki. Ga kuma al'adar da ta zama ruwan dare: mace ta zo da ɗan kullutu, a sa ta sa hannu a takarda, a sa ta barci, a yanki kaɗan a duba nan take. In daji ne, sai a zarce da babban aiki tana cikin barcin. Da yawa ta hanyar laluben bandejin ƙirjinsu suke gane abin da ya faru.

Haka aka yi wa Terese Lasser a asibitin Memorial da ke Niyok a 1952. Matar J. K. Lasser ce, mutumin da littafinsa na lissafin haraji ya shiga gidajen Amurka da yawa, don haka ba ta rasa kuɗi ko gata ba. Abin da ta rasa shi ne wanda zai amsa mata tambaya. Yaya za ta yi da hannun da ya ƙi ɗaguwa? Me za ta sa a cikin rigar mama? Me za ta ce wa 'ya'yanta? Yaya zamanta da mijinta zai kasance? Likitan ya gama nasa, ciwo ya fita, ɗinki ya kama. An ce mata ta riƙa motsa hannun, amma ba a nuna mata yadda za ta yi ba. Sai ta koya wa kanta. Da ta ji wata sananniyarta na kwance an yi mata irin aikin, ta ci ado, ta sa rigar da ta kama jikinta, ta je ta tsaya a gabanta ta ɗaga hannu sama.

Daga wannan ziyara aka sami ƙungiyar Reach to Recovery, sunan da ke nufin miƙa hannu zuwa ga waraka, kuma da gangan aka zaɓi kalmar miƙa hannun. Tsarin mai sauƙi ne. Macen da aka yi wa aikin ta warke ita za ta ziyarci wadda aka yi wa jiya, da 'yar jakarta. A cikin jakar akwai ƙwallon roba na matsawa a tafin hannu, da igiya da za a rataya a ƙofa a riƙa ja da hannu mai lafiya don ya ɗaga mai ciwon, da ɗan curin ulu mai laushi da za a sa a rigar mama kafin a sami na dindindin, da ɗan littafi. Har wasiƙa ta musamman Lasser ta rubuta zuwa ga mazaje. Likitoci da yawa ba su so abin ba. Suna ganin wata ce kawai ba ta karanci likitanci ba take shiga tsakaninsu da majinyatansu, kuma an sha raka ta bakin ƙofar asibiti. Ba ta daina ba. A 1969 babbar ƙungiyar yaƙi da daji ta Amurka ta karɓi shirin ya zama nata, daga baya ya bazu ƙasashe da dama. Hausawa sun riga sun faɗi dalilin da ya sa ya yi aiki: ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Bayanin likita dabam, ganin wadda ta bi hanyar tana taje gashinta da hannun da aka ce ya mutu dabam.

Igiya da ƙwallo suna sakin kafaɗa, amma ba sa sauke kumburi. Maganin kumburin daga wata ƙofa ya shigo, ƙofar da likitoci suka daɗe suna rainawa. A farkon shekarun 1930, wasu miji da mata 'yan ƙasar Danmak, Emil da Estrid Vodder, suna aikin tausa a gaɓar tekun kudancin Faransa. Cikin masu zuwa wurinsu akwai Turawan Ingila masu fama da mura mai naci, wuyansu duk kaluluwa. Koyarwar lokacin ita ce kada a kuskura a taɓa kaluluwar da ta kumbura. Su kuwa suka gwada wata irin tausa mai taushi ƙwarai, wadda fata kawai take motsawa, suna tura ruwan ta hanyar da ya saba bi. A 1936 suka gabatar da dabarar a Faris. Da yake Emil ba likita ba ne, shekaru da yawa masu gyaran jiki da kwalliya ne suka fi riƙe ta.

Sai a shekarun 1970 da 1980 wasu likitoci a Jamus, musamman Michael Földi da matarsa Ethel, suka ɗauki tausar suka haɗa ta da abubuwa uku: naɗe hannu da bandeji hawa-hawa tun daga yatsu har kafaɗa, motsa jiki da bandejin a ɗaure, da tsananin kula da tsabtar fata. Ana yin haka kullum na wasu makonni har hannun ya saɓe, sannan mace ta koma sa wata safa mai matsewa da ke rufe hannu daga wuyansa zuwa damtse. Har yau wannan shi ne ginshiƙin jinyar. Abin dariya kuwa, da aka zo aka auna kowane sashe shi kaɗai, sai aka ga matsewar bandeji da safar ce ke yin mafi yawan aikin, tausar da ta yi suna ƙari ne kawai. Kuma babu ɗaya a ciki da ke mayar da kaluluwar da aka cire. Lallaɓa abin ake yi, har iyakar rai.

A daidai wannan lokaci ginin Halsted ya fara tsagewa. Bernard Fisher a Amurka ya ce daji yakan shiga jini tun da wuri, don haka faɗin yanka ba shi ke tsawaita rai ba, ya kuma fara babban gwaji a 1971 don tabbatarwa. Umberto Veronesi a Milan ya gwada cire sashen maman kawai a bi da gashi, a kan mata 701, ya wallafa a 1981 cewa tsawon rai ɗaya ne. Amma ba alƙaluma kaɗai suka rushe ginin ba. A 1974 wata 'yar jarida mai suna Rose Kushner ta ji kullutu a mamanta, ta bi likitoci ɗaya bayan ɗaya tana neman wanda zai yarda ya duba, ya tashe ta, ya faɗa mata, sannan ta yanke shawara. Da ƙyar ta samu. Ta mayar da abin yaƙinta, kuma a 1979 tana zaune cikin kwamitin masana na gwamnati da ya ce a raba dubawa da yankewa. A 1974 ɗin dai aka yi wa Betty Ford, matar shugaban Amurka, aikin Halsted, ta kuma ƙi ɓoyewa. Akwai hotonta da aka ɗauka a asibiti kwanaki kaɗan bayan aikin, tana jefa wa mijinta ƙwallo. Matan da suka san abin da ake nufi da ɗaga hannu bayan wannan aiki sun karanta hoton fiye da yadda 'yan jarida suka karanta shi.

Ba kowa ce ta gamsu da jakar Lasser ba, kuma adalci ne a faɗi haka. Audre Lorde, marubuciya baƙar fata, an cire mata mama a 1978. 'Yar sa-kai ta zo mata da curin ulun nan, mai launin fatar Bature, tana ta ba ta tabbacin cewa ba wanda zai gane. Lorde ta ce ita ai ta gane. A littafinta The Cancer Journals na 1980 ta ba da labarin yadda ta je a cire mata zare ba ta sa komai a rigarta ba, wata ma'aikaciyar jinya ta nuna mata cewa hakan yana karya gwiwar sauran masu zuwa wurin. Hujjar Lorde ita ce, ana gaggauta rufe gurbin ne don hankalin masu kallo ya kwanta, tun mace ba ta gama makokin abin da ta rasa ba, kuma muddin kowa ta ɓoye, masu irin ciwon ba za su taɓa gane juna ba. A ɗaya gefen kuma ga Ruth Handler, wadda ta ƙirƙiro 'yar tsanar Barbie. Ita ma an yi mata aikin a 1970, ta tarar maman robar da ake sayarwa duk maza ne suka tsara shi, babu na dama babu na hagu, kamar a ba mutum takalmi ƙafa ɗaya ya sa a duka biyun. Sai ta kafa kamfanin yin nata mai suna Nearly Me. Ni dai ban ga dalilin zaɓar ɗaya a cikinsu ba. Dukansu biyun abu guda suka ƙi, wato wani ya yanke wa mace yadda za ta fito.

Yanzu ga sashen da ya fi ba ni mamaki. Da aka yarda cewa kumburin hannu matsala ce ta gaske, sai tsoro ya maye gurbin sakaci. Aka riƙa ba mata doguwar takardar hani. Kada ki ɗauki abu mai nauyi da wannan hannu. Kada ki rataya jaka a wannan kafaɗa. Kada ki yi aikin da ake maimaita motsi, kamar goge ƙasa ko shara mai yawa. Wasu har jariransu suka daina ɗauka. Shawarar tana da kama da hankali, tunda aiki yana ƙara gudun jini, jini kuma yana ƙara ruwan. Sai dai ba wanda ya taɓa gwada ta. Gado kawai aka yi, kowa ya karɓa daga malaminsa.

Wanda ya fara ƙalubalantarta a fili shi ne Don McKenzie, likitan 'yan wasanni a jami'ar British Columbia da ke Vancouver a Kanada. A 1996 ya nemi matan da aka yi wa aikin dajin mama su zo su yi ainihin abin da aka hana su. Ya zaɓi tseren wani dogon kwalekwale na gargajiyar Sin, mai kan dodo a goshinsa, wanda mutum ashirin ke tuƙawa a tare ana buga musu ganga. Babu aikin da ya fi wannan maimaita motsin kafaɗa da ƙarfi. Mata 24 suka amsa. Bai jefa su ruwa haka kawai ba, sai da suka yi watanni suna horo, ana ƙara nauyi kaɗan-kaɗan, ana auna kaurin hannuwansu. Suka shiga gasar birnin suka gama. Ba wadda ta sami sabon kumburi. Da gwajin ya ƙare matan suka ƙi watsewa, kuma yau akwai irin wannan tawaga a ƙasashe da yawa.

Mata 24 ba su isa hujja a ilimin likitanci ba. Hujjar ta zo a 2009 daga Kathryn Schmitz ta jami'ar Pennsylvania. Ta ɗauki mata 141 waɗanda hannunsu ya riga ya kumbura, ta raba su biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi suka riƙa ɗaga ƙarfe sau biyu a mako har shekara guda, da safarsu a hannu, suna farawa da mara nauyi. Rabi aka bar su yadda suke. Kumburin bai ƙaru a wurin masu ɗaga ƙarfen fiye da sauran ba. Tashin ciwon ma, wanda ke sa a koma jinya, ya sami kashi 14 cikin ɗari na masu ɗaga ƙarfe, ya sami kashi 29 na waɗanda aka bari. Wato hanin da aka yi shekaru ana yi don kare hannun, raunana shi yake yi, har ya zama ɗan aiki kaɗan ya fi ƙarfinsa. Irin wannan juyi ya faru a kan gajiyar da ke bin ƙarin ruwan kemo. Da, cewa ake a kwanta a huta. Wasu malaman jinya biyu a jami'ar jihar Ohio, Maryl Winningham da Mary MacVicar, suka ɗora mata a kan keken motsa jiki a shekarun 1980 suna tsakiyar karɓar magani, sai ga ƙarfinsu ya ƙaru, tashin zuciya ya ragu.

Likitocin fiɗa su ma sun biya wani ɓangare na bashin. A farkon shekarun 1990 aka fito da dabarar zuba shuɗin ruwa ko wani sinadari mai alama a maman, a bi shi a ga kaluluwar da ya fara isa. Ita kaɗai ko da 'yan uwanta biyu za a cire a duba. In babu daji a ciki, sai a bar sauran. Inda aka kwashe hamata duka, wajen mace ɗaya cikin biyar ke samun kumburi. Inda aka yi wannan dabara, abin bai fi ɗaya cikin goma sha biyar zuwa ashirin ba.

Hukuma ce ta zo ƙarshe, kamar kullum. Sai a 1998 Amurka ta yi dokar da ta tilasta wa kamfanonin inshorar lafiya da ke biyan kuɗin cire mama su biya na sake gina shi, da na maman roba, da jinyar kumburi. Safar matsewa kuwa, inshorar gwamnati ta tsofaffi ba ta fara biyan kuɗinta ba sai a watan Janairun 2024, fiye da shekara ɗari bayan Halsted ya raɗa wa ciwon suna.

A wurinmu wannan tarihi bai zama tarihi ba tukuna. Yawancin matanmu suna isa asibiti ne ciwon ya riga ya yi nisa, ya kai hamata, don haka dabarar cire kaluluwa ɗaya ba ta da wurin shiga. Cire mama duka, a kwashe hamata, a bi da gashi in an sami layi a Shika ko wata cibiyar, shi ne aikin yau da kullum, kuma shi ne haɗin da ya fi jawo kumburi. Ga shi kuma ciwon yakan kama matanmu da ƙuruciyarsu, da yawa ba su kai hamsin ba, suna da goyo ko yaye. Hannun da za a ce a lallaɓa shi ne na tuƙa tuwo, da jan guga, da wanki, da cilla yaro a baya. Ko harshenmu ya nuna inda gibin yake. Kalma ɗaya muke amfani da ita, gashi, ga hasken injin da ke ƙona daji da kuma aikin masu motsa gaɓoɓi. Ka tambayi mace ko an yi mata gashi ta ce eh, alhali na farkon take nufi, na biyun ba a ma taɓa tura ta ba, ko da kuwa sashen yana cikin asibitin da aka yi mata aikin.

Amma muna da abin da Lasser ba ta da shi. Ma'aikatan lafiyar da suka yi yaƙi da tundurmi a ƙauyukan Filato da Nasarawa da sauran wurare sun daɗe suna koya wa mutane wanke gaɓar da sabulu kullum, da tsane ta sosai har tsakanin yatsu, da ɗaga ta a kan matashi, da motsa ta, da gaggauta kula da kowane ɗan rauni. In ka cire bandeji da tausa, darasin su Földi ke nan, kuma da Hausa aka koyar da shi. Abin da ya rage shi ne wani ya haɗa waɗannan ilimi biyu a ɗaki ɗaya. Haka nan muna da abin da ya kamata a ji tsoro. Hannu mai kumburi yakan ja hankalin masu ba da shawara, wannan ya ce a kai wa wanzami ya yi tsaga ko ƙaho a zuƙe mugun ruwa, wancan ya ce a gasa da tafasasshen ruwa. Kowace tsaga ƙofa ce aka buɗe wa ƙwayoyin cuta a wurin da ba shi da masu gadi. Hannun da ya yi ja, ya ɗau zafi, ga zazzaɓi, na asibiti ne a ranar. Sabon kumburi ma likita ya kamata ya fara gani, domin wani lokaci dawowar ciwon ce take sanarwa.

Ziyarar mace ga mace ita ma ta iso. A 1997 Betty Anyanwu-Akeredolu, bayan nata aikin a Ibadan, ta kafa ƙungiyar BRECAN, ta riƙa faɗin abin da ya same ta a bainar jama'a a lokacin da ake rufe irin wannan magana ruf. A Arewa har yanzu akwai gidajen da ko kishiya ba ta san an cire wa abokiyar zamanta mama ba, hijabi ya rufe, tsumma ya cike gurbi. Lorde za ta ce ɓoyewar ce ke hana su gane juna. Wadda ke tsoron abin da dangin miji za su ce kuwa tana da nata lissafin, kuma ba daga littafi ta samo shi ba. A Kenya da Ruwanda akwai matan da suka koma saƙa maman zare da hannu, mara nauyi, mai wankuwa, wanda ba ya sa gumi kamar na roba. Garin da ake saƙa hula da kayan jarirai a kowane lungu bai rasa masu iya wannan ba.

Safar matsewa ce dai har yanzu ba mu sami dabararta ba. Daga waje ake kawo ta, sai an auna hannu kafin a saya, ƙarfinta yakan saki bayan kamar wata shida a nemi wata. Galibin waɗanda ake samu launin fatar Bature ne, irin curin ulun da aka kai wa Lorde, kuma a ƙasashen sanyi aka tsara su. Umarnin da ke tare da ita shi ne a sa tun safe, kada a cire sai za a kwanta. Wanda ya rubuta wannan umarni bai taɓa yini a Sakkwato a watan Afrilu ba.